Gashin Bakin Farfesa Sha-Kallo

Laraba ce, ƙarshen bazara. Zafi tun hantsi. Hadari ya haɗu a gabas ya tsaya, bai zubo ba, bai watse ba. Ranar ce Farfesa Sha-Kallo ya kafa shingen zanarsa a bakin kasuwar Garin Bulama, can gabas, inda Hausa take fara ƙarewa Barbarci ya karɓa.

Wani mutum ne mai rufa-ido, irin masu bin gari-gari suna dabo. Sunansa na yanka Haladu, mutumin Rano, amma shekara goma sha tara ba mai kiransa haka sai mutum ɗaya. In ka tambaye shi, ce maka zai yi shekara bakwai ya yi a Indiya, uku a cikin kogo, huɗu a ƙarƙashin teku. Gaskiyar magana, iyakar ruwan da ya taɓa ƙetarewa na Wudil ne, shi ma ta kan gada.

Da fari kafinta ne. Wata rana wani baƙon mai dabo ya kawo masa akwati gyara, ya ce ya buga masa ƙusa ta waje, kada ya kuskura ya buɗe ciki. Ka ce wa kafinta kada ya buɗe akwati. Kafin mutumin ya dawo daga cin tuwo Haladu ya buɗe, ya auna, ya rufe, ya buga ƙusar. Cikin wata biyu ya ƙera nasa. Ya bar wa ƙanensa zarto da guduma, ya shiga duniya.

Ya koyi ƙananan abubuwa a hanya. Ya zaro ƙwai daga hular mutum. Ya haɗiye reza biyar ya fito da su a jere a jikin zare. Ya yanka igiya ya haɗe ta. Ya zuba ruwa a ƙwarya ya juye nono. Duk wannan share fage ne. Abin da ke sa mutum ya bar rumfarsa a kasuwa ya zo kallo, akwatin ne.

Baƙin akwati ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, an manna masa taurarin gwangwani, a bisansa an kafa ƙahon tsohon garmaho. Farfesa zai buɗe ƙofarsa, kowa ya leƙa, wayam. Ya zura takobi ta nan ya fito ta can. Ya rufe, ya ƙwanƙwasa sau uku. Sai murya ta fito daga ƙahon, siririya, tana zizza kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Wannan shi ne Ɗan Kalkata, aljanin da Farfesa ya ce ya kamo a tekun Indiya da ƙugiya, bayan sun yi kwana arba'in suna kokawa. Ba ya ci, ba ya sha, ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da ƙabila. Tambaye shi abin da ka ga dama.

Aljanin kuwa sunansa Ja'e.

Wani tsohon Bafulatani ne da fari ya cinye wa shanu. Siriri kamar sillen kara, maganarsa ta yini ba ta cika cokali. A motar Gusau Haladu ya fara ganinsa, a naɗe tsakanin buhun gero da garwar manja, tun safe har la'asar, bai motsa ba, bai ce uffan ba. Haladu ya auna shi da ido yadda kafinta ke auna katako. Ya ga daidai. A gindin akwatin akwai wani ɗaki, fenti ya sa ka ɗauka taƙi ɗaya ne, alhali ya fi haka. Nan Ja'e yake naɗewa kamar tabarma, da tiyo a bakinsa wanda ya haura zuwa ƙahon.

Aikinsu da tsari. Ba sa shiga mota ɗaya, ba sa sauka gida ɗaya. Ja'e zai riga shi shiga gari da yini guda, ya sami gindin mai shayi ko rumfar wanzami, ya jingina sandarsa ya zauna. Ba mai kama bakinsa don wani tsohon Bafulatani yana gyangyaɗi a gefe. Kafin magariba ya san wanda akuyarsa ta ɓata, ya san wanda ya ci ta. Abin da bai sani ba kuwa amsarsa biyu ce. Ko ya ce, "Sai haƙuri," ko ya ce, "Yana kusa da kai." Duka biyun ba su taɓa zama ƙarya ba. Hausarsa a karkace take, yakan ce wa mace "shi", amma Farfesa ya ce ai Hausar Indiya ke nan. Aka yarda. Ba wanda ya taɓa zuwa.

Sai gashin baki. A nan ne ran Farfesa yake. Shekara huɗu ya yi yana kiwonsa kafin ya kai yadda yake so. Baƙi wuluk, kauri kamar wutsiyar jaki, ƙarshensa a murɗe sama hagu da dama kamar kan keke. Kullum da safe sai ya shafe shi da man shanu, ya taje, ya murza. Ba ya shan koko a kofi don kada ya ɓaci, sai da cokali. In zai kwanta ɗaure shi yake da ƙyalle. Shi ne a zane a jikin allon tallarsa, kafin ma a zana fuskar. A Ƙauran Namoda mata ba su san sunansa ba, Mai Ƙahon Rago suke ce masa, kuma yana jin daɗi.

Da wannan gashin bakin yake rantsuwa. Duk garin da ya sauka, kafin ya taɓa akwati sai ya kama gefe ɗaya ya ce duk wanda ya nuna akwai hannun ɗan Adam a cikin aikinsa, a aske masa shi. An gwada. Wani malamin makaranta ya zo da tocila a Funtuwa. Wani ɗan sanda ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashi a Gusau. Wani malami ya yi tofi a Maraɗi har yawunsa ya ƙafe. Gashin baki yana nan, sai ƙara murɗewa yake.

To, ƙasar yamma ta gaji da shi. Garin da ya shiga sau uku, yara sun haddace inda ƙwan zai fito. Sai ya ce gabas zai nufa, ba zai tsaya ba sai ya sa Barno ta kama baki. Ja'e ya ɗauki sandarsa.

Ran Talata Ja'e ya shiga Garin Bulama yadda ya saba. Ya nufi rumfar wanzami. Wanzamin garin ɗaya ne, wani dattijo Babarbare da ake kira Baba Fantami, gajere, fuskar nan sharara da zanen Barebari. Ja'e bai gama jingine sanda ba wanzamin ya ɗaga kai ya ce ga bawansa ya zo gaishe shi, a ba shi tsintsiya.

Wanda ya san ƙasar nan ya san akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ba a fushi, ba a faɗa. Amma ba a yin shiru. Wanda ya yi shiru ya yarda, kuma ba kansa kaɗai ya sayar ba, har da kakanninsa. Ja'e, mutumin da kan yini bai ce kalma goma ba, ya yini a rumfar nan yana mai da martani. Bai ji akuyar kowa ba. Bai ji auren kowa ba.

Da yamma ya sami Farfesa a bayan tasha, inda suka saba haɗuwa a kowane gari, ya tsuguna nesa kaɗan kamar mai gyara takalmi.

"Haladu, mu wuce garin nan."

"Don me, Bappa?"

"Barebari."

"Sun taɓa ka?"

"Sun yi magana."

"Ka ƙyale su mana."

"Ba a ƙyalewa."

Farfesa ya yi dariya, ya murza gashin baki. Ya ce shi ma Bakano ne, yana da Zage-zagi abokan wasansa, amma wasa daban, aiki daban. Ya ce in ya so gobe a yi ta "sai haƙuri" har a tashi. Ja'e ya dube shi ɗan lokaci, irin duban da makiyayi ke yi wa ɗan maraƙin da ya nufi rijiya. Ya tashi ya tafi.

Laraba bayan azahar shinge ya cika maƙil. Har kan bishiyar kuka akwai mutane. Aka kawo wa Bulama, mai garin, kujera a gaba, ya zauna da mafici. Farfesa ya fito cikin jar alkyabba da rawani mai tunku. Ya zaro ƙwai daga hular wani mai sayar da kanwa, aka yi kabbara. Ya haɗiye reza, wata tsohuwa ta rufe ido. Ya juye nono daga ƙwaryar ruwa ya miƙa wa Bulama. Bulama ya sansana, ya ce wa na kusa da shi ya sha.

Da Farfesa ya ga yadda jama'a suka buɗe baki, kansa ya ƙara girma. Baki shi ke yanka wuya. Ya kama gashin bakinsa ya yi rantsuwar da ya saba, sai ya ga ba ta isa wannan taron ba, ya ƙara mata gishiri. Ya ce ba aski kawai ba, a aske shi a bakin kasuwar nan, da rana tsaka, kowa na gani, kuma wanzamin garin nan da kansa. Ya ce Bulama ne shaida. Sa'an nan ya waiga yana murmushi ya tambaya ko ma akwai wanzami a garin.

Wani gajeren dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu.

"Akwai, ɗana. Jiya na wasa aska."

Aka yi dariya, Farfesa ya taya su. Ya buɗe akwati, wayam. Ya zura takobi. Ya rufe, ya ƙwanƙwasa sau uku. Ɗan Kalkata ya yi zizza ya gai da jama'a da Indiyanci. Wuri ya yi tsit, har kana jin kukan akuya daga ƙarshen kasuwa.

Wani saurayi ya tambaya ko zai sami yarinyar da yake nema. Aljani ya ce sai haƙuri. Wani ya tambaya wa ya sace masa garma. Aljani ya ce yana kusa da shi. Mutumin ya juya ya dubi ƙanen matarsa, ƙanen matar ya dubi sama. Wata ta tambayi mijinta da ya tafi Kurmi shekara uku ba aike. Sai haƙuri. Aiki na tafiya sumul.

Sai wani manomi ya miƙe ya ce saniyarsa ce ba ta da lafiya.

Aljani ya tambaya fari ne ko ja. Manomi ya ce fara ce. Aljani ya tambaya haihuwarsa nawa. Ya tambaya yana tuƙa ko ya daina. Ya tambaya hancinsa da laima ko a bushe, kashinsa yaya yake, a ina ake ɗaure shi. Da manomi ya ce a bayan gida, gindin katanga, sai aljanin tekun Indiya ya hau shi da faɗa, ya ce wane irin mutum ne zai ɗaure nagge a rana cikin wannan zafi. Ya ce a jiƙa sassaƙen maɗaci da jar kanwa, a ɗura masa safe da yamma, a mai da shi inuwa, kada a tatse shi kwana uku. Farfesa ya shuri akwatin da dunduniya. Aljani ya ƙara da cewa a duba kofatonsa. Farfesa ya sake shuri. Sa'an nan aljani ya tsaya.

Jama'a suka ce lallai aljanin nan ya san aiki. Baba Fantami kuwa ya karkatar da kai gefe guda, kamar kaza ta ji motsi a cikin yayi. An tambayi aljani maganar aure, kalma biyu. An tambaye shi maganar saniya, ya yi huɗuba. Kuma wanzami, wanda kullum bakin mutane ke kusa da kunnensa, ba ya manta murya.

Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali. Ya gai da Bulama. Ya gai da Farfesa. Ya yi wa akwatin sallama da ladabi, ya tambaye shi gajiyar hanya da yadda ya baro mutanen Indiya. Sa'an nan ya ce shi tambayarsa ƙarama ce, tun yana yaro ake gardama a kanta, yau Allah ya kawo wanda ba shi da ƙabila, ba zai yi son kai ba.

"Tsakanin Fulani da Barebari, wa ke bawan wani?"

Farfesa ya dubi taron. Cikin fuska goma, tara da zane. Bulama kansa da zane. Ya ce a ransa tsuntsu daga sama gasasshe. Abin da Ja'e ya gaya masa jiya a bayan tasha bai ko gifta masa ba. Ya buɗe hannuwa ya ce wannan ai ko jinjiri ya sani, amma bari su ji daga bakin mai gani har hanji. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ɗaga murya yadda na kan kuka za su ji.

"Ɗan Kalkata, gaya wa Bulama da jama'arsa cewa Fulani bayin Barebari ne."

Shiru.

Shekara goma sha tara Ja'e yana cikin akwatin nan. Kunama ta harbe shi a ciki a Talatar Mafara, bai ko yi tari ba. Takobi ya yanke masa gefen kunne a Maraɗi, ya gama amsa tambayoyi kafin ya share jinin. An taɓa manta shi a ciki tun azahar har magariba, da aka buɗe sai ya ce an yi sallah ne. Farfesa ya san duk wannan, shi ya sa bai damu ba. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ƙahon ya yi zizza kaɗan.

"Sai haƙuri."

Baba Fantami ya ce shi ba haƙuri ya tambaya ba.

Farfesa ya ce aljanin ya gaji, zafin ƙasar nan ya fi na Indiya, a kawo wata tambayar. Baba Fantami ya ce a'a, ba sai an wahalar da baƙo ba, ai shiru ma amsa ce. Ya juya wajen jama'a ya ce su shaida, aljani ya yarda. Sa'an nan ya gyara tsayuwa kamar mai ba da labari ga jikoki. Ya ce dama shi ya sani, don kakansa ya taɓa sayen Bafulatani haɗe da saniyarsa a kan kwano ɗaya na kanwa. Da ya iso gida ya zauna da su kwana biyu, sai ya mai da Bafulatanin ya riƙe saniyar, ya ce ita ta fi hira.

Akwatin ya yi ƙirit.

Farfesa ya jingina da shi, ya yi tari mai ƙarfi, ya ce katako ne yake amsa zafi.

Baba Fantami ya ci gaba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce Bafulatani in ya hango Babarbare tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ya ce rowarsu kuwa, in ƙuda ya faɗa musu a nono sai sun matse shi kafin su sake shi. Akwatin ya yi ƙirit, ƙirit. Farfesa ya haye kansa ya zauna, ya fara wata waƙar Indiyanci yana kaɗa ƙafa. Wanzamin ya jira ya kai aya. Sa'an nan ya ce abin da ya fi ba shi tausayi, ko kiwon ma ba su iya ba. Barebari ne suka koya musu tatsa. Kafin nan ta wajen ƙaho suke gwadawa.

Muryar da ta fito ba ta ƙahon garmaho ta fito ba. Daga ƙasa ta fito, ta tsakanin ƙafafun Farfesa, garau, ba zizza.

"Ƙarya kake, aradu."

Wani katako a gindin akwatin ya zame, sululu. Ƙafa ta fito, doguwa, busasshiya. Ɗayar ta biyo. Sai gwiwa, sai kafaɗa, sai kai. Tsoho ya warware kansa gaɓa-gaɓa, ƙas, ƙas, ƙas, ya miƙe tsaye da tiyo rataye a wuya. Bai dubi Bulama ba. Bai dubi taron ba. Bai dubi Farfesa da ke zaune bisa akwati baki buɗe ba. Ya taka har gaban wanzami, ya nuna fuskarsa da yatsa.

"Wannan zanen na fuskarka, wa ya yi? Mu muka yi wa kakanninku, yadda muke yi wa shanu, don kada ku ɓace mana a kasuwa."

"Sannu da fitowa, bawana. Jiya ka tafi ba sallama."

Baba Fantami ya sa hannu a aljihu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Ja'e ya karɓa ya ce haraji ne, kuma ya yi kaɗan.

Har yanzu ba wanda ya yi dariya. Mutane na duban tsohon, suna duban akwatin, suna ƙoƙarin gane yadda wannan ya shiga cikin wancan. A nan Farfesa ya nuna shekara goma sha tara ba wasa ba ce. Ya diro daga kan akwati, ya baza alkyabba, ya ɗaga hannuwa sama.

"Kun gani? Abin da ban taɓa yi wa wani gari ba. Don girman Bulama, na mai da aljani mutum a gabanku."

Wallahi saura ƙiris ta ɗore. Wata mata a baya ta fara salati. Bulama ya tsai da mafici. Baba Fantami ya tauna goronsa, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, wannan aiki ya yi kyau.

"To, mai da shi."

Farfesa ya matso kusa da Ja'e yana wasa da hannuwa a iska kamar mai tsafi. Ta ƙarƙashin gashin baki ya ce, "Bappa, don girman Allah, koma."

Ja'e bai rage murya ba.

"Haladu, ba na durƙusawa a gaban Babarbare."

Bulama ne ya fara. Wata irin dariya ta ƙwace masa ta hanci, mafici ya faɗi. Daga nan shinge ya ɗauka. Wani ya faɗo daga kan kuka, yana ƙasa yana ci gaba. Ƙanen matar mai garma ya fi kowa, har da hawaye. Manomi mai saniya kaɗai bai yi dariya ba, ya ratsa taron ya kama hannun Ja'e yana tambaya jar kanwar kamar yaya za a sa. Kan a jima sunan Haladu ya zaga kasuwa, har masu tuya sun ji. Hadarin da ya yini a tsaye ya zaɓi wannan lokacin ya sako. Aka watse da gudu ana dariya. Farfesa ya tsaya shi kaɗai da akwatinsa a buɗe, ruwa na kwantar masa da gashin baki, ƙahonin nan biyu suka sunkuyo ƙasa.

Washegari da sassafe ya ɗaure kayansa ya nufi tasha. Direban motar ɗaya da ke garin yana zaune yana shan shayi. Ya ce ruwan jiya ya yanke hanya a fadama, sai nan da kwana uku in Allah ya so. Yana maganar yana duban leɓen Farfesa na sama. Ya ƙara da cewa ko da hanya ma, Bulama ya aiko a gaya masa kada ya ɗauki mai gashin baki.

Farfesa ya ajiye kaya. Ya taka zuwa bakin kasuwa.

Ya tarar an riga an shimfiɗa tabarma a fili, ba a rumfa ba. Ba ranar kasuwa ba ce, amma mutanen da ke wurin sun fi na jiya. Ja'e na zaune a gefe da ƙwaryar fura, matar wanzami ce ta aiko masa. Baba Fantami ya yi wa Farfesa barka da asuba, ya tambaye shi kwanan baƙunta, ya nuna masa wurin zama. Ya buɗe zabira. Ya zaɓi aska, ya goga a tafin hannu, ya jiƙa gashin bakin da ruwan sanyi. Ya ce shekara hamsin yana aski bai taɓa samun irin wannan ba, har yana jin nauyin taɓawa. Sa'an nan ya kama gefen dama ya yi bisimilla.

Sharr. Ƙaho ɗaya ya faɗo kan tabarma a murɗensa.

Bai kai ga gefen hagu ba wani mutum ya ratso taron ya durƙusa, ya ce ana jiran Baba a gidan ƙanen Bulama, yau suna, liman ya riga ya raɗa, saura askin jariri. Baba Fantami ya ce af, ya manta shaf. Ya goge aska, ya mai da ita zabira, ya rataya. Ya dafa kafaɗar Farfesa ya ce ya yi masa uzuri, babba yakan jira, jariri ba ya jira. Ya ce kada ya motsa, yanzu zai dawo.

Farfesa ya zauna. Rabin fuska Farfesa Sha-Kallo, rabi Haladu kafinta. Ya sa tafi ya rufe gefen da aka aske, aka ce ga gashin baki. Ya rufe ɗaya gefen, aka ce ga mutumin Rano. Ya sauke hannun. Rana ta ɗaga. Mata masu zuwa rijiya suka canja hanya suka biyo ta nan. Daga gidan sunan ana jiyo kiɗa, ba alamar za a tashi.

Da hantsi ya dubi ludayi, Farfesa ya karkata wajen Ja'e, ya yi magana ta gefen da ke da gashi.

"Bappa, yaushe zai dawo?"

Ja'e ya kurɓi furarsa, ya lashe ludayi, ya ajiye.

"Ina zan sani? Ni ba aljani ba ne."